Ladabtar da Ma'aikatan Hukuma da Matsayin Shari'a a Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Tun lokacin da aka fara biyan mutane albashi domin su yi wa hukuma aiki, ake samun saɓani tsakanin ma'aikaci da shugabansa. Hukuma tana da haƙƙin ta hukunta wanda ya ci amana, ko ya ƙi zuwa aiki, ko ya taɓa dukiyar jama'a. Shi kuma ma'aikaci yana da haƙƙin a sanar da shi laifinsa, a saurari bahasinsa, kafin a raba shi da hanyar cin abincinsa. Inda waɗannan haƙƙoƙi biyu suka yi karo, a nan ake zuwa gaban alƙali.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka riƙa warware irin wannan saɓani a ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, daga zamanin Daular Usmaniyya, zuwa zamanin En'e, zuwa mulkin soja, har bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara. An yi la'akari da malaman makaranta, domin su ne kaso mafi yawa na ma'aikatan waɗannan ƙananan hukumomi, kuma su ne suka fi yawan haɗuwa da takardar tuhuma da kwamitin tantancewa.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Garuruwan nan uku sun daɗe da tsarin sarauta. Gusau tana da Sarkin Katsina, sarautar da ta samo asali daga Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa garin a zamanin jihadi. Tsafe tana da 'Yandoto, Bunguɗu kuwa tana da Sarkin Fulani. A ƙarƙashin kowane basarake akwai alƙali da limami da masu tara zakka da haraji da jakadu. Waɗannan su ne ma'aikatan hukuma na wancan zamani, ko da yake ba albashin wata ake ba su ba.

Shugabannin jihadi sun yi rubuce-rubuce a kan yadda ya kamata shugaba ya sa ido a kan waɗanda ya naɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya soki al'adar cin hanci da gaisuwar da ake kai wa masu mulki domin neman biyan buƙata. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano domin ya nuna wa masu mulki ƙa'idojin aikinsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A fiƙihun Malikiyya da aka bi, akwai babin mayar da zalunci, wato zaman da sarki ke yi domin talaka ya kawo ƙarar ma'aikacin hukuma, har da alƙali. Haka kuma ƙa'ida ce sananniya cewa hujja tana kan mai da'awa, kuma ba a yanke hukunci sai an ba wanda ake ƙara damar kawo uzurinsa. Saboda haka sauraren ɓangare biyu ba baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana ba.

Sai dai kuma akwai wani giɓi. Naɗi da tuɓewa duk suna hannun mutum ɗaya. Wanda sarki ya naɗa, sarki na iya tuɓe shi, kuma babu wata kotu ta dabam da za ta tilasta a mayar da shi. In an dace da adalin sarki, ma'aikaci ya tsira. In ba a dace ba, sai haƙuri ko ƙaura.

3.0 Zamanin En'e

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, sai suka shigar da Gusau da Tsafe da Bunguɗu cikin gundumomin En'e ta Sakkwato. Wajen shekarar 1911 tsarin baitulmali ya yaɗu a masarautun Arewa, aka yanka wa hakimai da alƙalai da malaman haraji da dogarai albashi. Wannan sauyi ya yi tasiri ƙwarai, domin daga ranar da hakimi ya fara sa hannu yana karɓar albashi, ya koma ma'aikaci, wanda Di'o zai iya zuwa rangadi ya duba littattafansa, ya ƙirga kuɗin haraji da jangali, ya rubuta rahoto ga Razdan. Laifin da aka fi tuɓe hakimai da dagatai a kansa a wancan zamani shi ne cin kuɗin haraji.

Ko Sarkin Musulmi bai tsira daga wannan iko na Turawa ba, domin a shekarar 1931 Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari ya bar gadon sarauta bisa matsin lambarsu. A shekarar 1933, zamanin Gwamna Kamaru, aka yi wa tsarin kotuna garambawul, aka kafa Babbar Kotu, aka kuma buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara daga manyan kotunan sarakuna zuwa gare ta. Lauya ba ya tsayawa a kotun alƙali ko ta sarki, amma yana tsayawa a Babbar Kotu. Shekara goma bayan haka aka ga amfanin wannan ƙofa a wata shari'a da ta shafi Gusau kai tsaye.

4.0 Shari'ar Jangali ta 1943

Alhaji Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan aka naɗa shi hakimin Raɓa a 1934. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, yana cikin waɗanda suka nemi sarauta, amma Allah ya ba Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sai aka naɗa Ahmadu Bello Sardauna, aka turo shi Gusau a matsayin ɗan majalisa mai kula da gundumomin gabas guda 14. A lokacin Gusau ta riga ta zama babbar cibiyar ciniki, saboda layin dogo da ya ratsa ta ya kai Ƙaura Namoda a 1929, da kuma kasuwar auduga da gyaɗa. Ke nan kuɗin hukuma masu yawa suna bi ta ofishinsa.

A shekarar 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. An gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Bai amince ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu da ta zauna a Zariya, inda wani matashin lauya daga Legas, Bode Thomas, ya tsaya masa. Kotun ta rushe hukuncin, ta wanke shi. Daga baya aka sasanta shi da Sarkin Musulmi, ya koma Sakkwato ya ci gaba da aikin En'e, har ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mai nazari ya lura da su a nan. Na farko, majalisar da ta ɗauki Sardauna aiki, ita ce kuma kotun da ta yi masa shari'a, domin a tsarin En'e sarki shi ne shugaban mulki kuma shi ne babban alƙali. Ko da an yi niyyar adalci, irin wannan tsari yana barin zargi a zukatan mutane, musamman da yake kowa ya san mutanen biyu sun nemi sarauta tare. Na biyu, abin da ya cece shi shi ne samun wata kotu da ba ta ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi aiki. Sardauna ɗan sarauta ne mai ilimin boko da abokan arziki, shi ya sa ya iya kai kukansa Zariya. Malamin haraji na ƙauye ko dagaci, wanda bai san hanyar ba kuma ba shi da kuɗin lauya, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Abin lura kuma, zamani ya juyo, gwamnatin da Sardauna ke shugabanta ita ce ta sa Baturen nan Mafet ya binciki kuɗin En'e ta Kano, binciken da ya kai ga murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya a 1963, aka kai shi Azare. Wannan ya nuna cewa tun kafin juyin mulkin 1966 ikon ladabtarwa ya riga ya tashi daga fada ya koma hannun gwamnati.

5.0 Mulkin Soja da Korar Ma'aikata

A 1967 aka raba Nijeriya jihohi 12, ƙasar Gusau ta faɗa cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato. A 1968 gwamnati ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e, ta mayar da su kotunan yanki, aka kuma rufe kotunan sarakuna. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, En'e ta kau, aka kafa hukumar da ke kula da ɗauka da ƙarin girma da ladabtar da manyan ma'aikatan ƙananan hukumomi. Ta haka aka raba aikin mulki da aikin shari'a, wanda shi ne babban aibin da shari'ar 1943 ta fito da shi fili.

Amma soja sun zo da tasu matsalar. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 a faɗin ƙasa, bisa dalilan cin hanci, ko tsufa, ko rashin lafiya, ko gazawa. Jama'a sun yi murna, domin a cikin waɗanda aka kora akwai masu laifi na ainihi. Sai dai da yawa a rediyo suka ji sunayensu, ba takardar tuhuma, ba zaman sauraro. Masana harkar mulki da dama suna ganin cewa daga wannan lokaci ne ma'aikaci ya daina ɗaukar aikin gwamnati a matsayin abin dogaro har tsufa, wasu suka shiga tara abin da za su tara tun da sauran dama. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja mai lamba 17, wadda ta ba shugaban ƙasa da gwamnonin soja ikon sallamar ma'aikaci, ta kuma hana kotuna sauraren ƙararsa. Abin da alƙalai suka iya yi shi ne su ƙuntata fassarar dokar, suka ce sai an tabbatar cewa gwamna da kansa, ko wanda ya wakilta, shi ne ya ba da umurnin korar, in ba haka ba dokar ba ta ba da kariya.

6.0 Hukunce-hukuncen da Suka Zama Madogara

Ƙa'idojin da ake bi a yau a kotuna sun samo tushe daga wasu shari'o'i na Kotun Ƙoli. Ko da yake ba a Zamfara aka yi su ba, hukuncinsu ya hau kan kowace jiha.

A shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ta 1981, wani lauyan Ma'aikatar Shari'a ne aka yi wa ritayar dole. Kotu ta soke ritayar, hukumar ta ƙi mayar da shi, sai Kotun Ƙoli ta tilasta mata. Kotun ta bayyana cewa ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba ya zama a kan aikinsa bisa ganin damar shugaba, kuma dokokin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka a kan hukuma kamar yadda suke da shi a kan ma'aikaci.

A shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985, jami'ar ta sallami wasu shehunan malamai ta ba su albashin wata shida a madadin sanarwa. Kotun Ƙoli ta ce tunda doka ce ta tsara yadda za a cire su, kuma zargin laifi ne ainihin dalilin korar, dole a bi matakan da dokar ta shimfiɗa. Ta ba da umurnin a mayar da su. Daga nan aka bambance aiki iri biyu. Ma'aikacin kamfani, a bisa tsohuwar ƙa'ida, diyya kawai yake samu in an kore shi ba daidai ba. Ma'aikacin da doka ta tsare aikinsa kuwa, mayar da shi ake yi, a biya shi albashinsa na baya kamar bai taɓa barin aiki ba.

A shari'ar Laoye ta 1989, kotun ta ce idan abin da ake zargin ma'aikaci da shi babban laifi ne irin na sata ko zamba, kotu ce wurin tabbatar da shi, ba kwamitin ofis ba. Daga baya an sassauta wannan, musamman inda ma'aikaci ya amsa laifinsa da bakinsa. Sannan a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da malamai 49 na Jami'ar Ilori da aka kora a 2001. Shekara takwas suka yi suna jira, wasunsu ma sun rasu kafin hukunci ya fito.

7.0 Bayan Ƙirƙiro Jihar Zamfara

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama hedikwata, Kanar Jibril Bala Yakubu ya zama kantoma na farko. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 197, ya wajabta wa kowace jiha ta kafa Hukumar Kula da Ma'aikata, wadda ita ke da ikon ɗauka da kora da ladabtarwa. Sashe na 36 kuma ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi bisa adalci. A zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, jihar ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci da hukumar karɓar koke-koken jama'a, waɗanda aikinsu ya yi kama da tsohon babin mayar da zalunci.

A 2011 aka sa hannu a kan gyaran Tsarin Mulki na uku, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraren duk wata ƙara da ta shafi aiki da albashi da kora da fansho, ita kaɗai. Tun daga lokacin, malamin firamare na Bunguɗu ko ma'aikacin lafiya na Tsafe da aka kora, ba Babbar Kotun Jiha zai nufa ba, sai waccan kotu, kuma ɗaukaka ƙara daga gare ta tana tsayawa ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Wasu al'amura na shekarun baya sun ƙara fito da waɗannan ƙa'idoji. A watan Fabrairu na 2022 Majalisar Dokokin Jiha ta tsige Mataimakin Gwamna Mahdi Aliyu Gusau, alhali akwai ƙara a gaban Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, wadda ta riga ta ce kowa ya tsaya inda yake. A watan Maris na 2023 kotun ta soke tsigewar saboda an yi ta ana tsakiyar shari'a. A lokacin saura wata biyu wa'adin gwamnatin ya ƙare.

A ƙasar Tsafe, a watan Yuli na 2022, gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da Sarkin 'Yandoton Daji, Alhaji Aliyu Garba Marafa, saboda naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, ta kafa kwamitin bincike. A watan Afrilu na 2023 aka mayar da shi kan karagarsa. Wannan misali ne na cewa dakatarwa mataki ne na jiran bincike, ba hukuncin ƙarshe ba. A maƙwabciyarmu Kebbi kuwa, Alhaji Mustafa Jokolo, wanda aka tuɓe daga sarautar Gwandu a 2005, ya yi nasara a Babbar Kotu a 2014 da Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta rushe nasarar da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa dalilin cewa bai fara kai kokensa ga gwamna ba kamar yadda dokar sarautu ta tanada. Ashe bin mataki ya hau kan mai ƙara kamar yadda ya hau kan hukuma. Gaskiyar Hausawa da suka ce shari'a mace ce mai ciki.

Ita ma hukuma tana da nata koken. Tantancewar da gwamnatin Dauda Lawal ta gudanar ta ba da rahoto a 2025 cewa an gano ma'aikatan bogi 2,363 a cikin jerin masu karɓar albashi. Kowace naira da ta tafi ga sunan bogi, an tauye ta ne daga haƙƙin malamin da ke tsaye a aji da ɗan fanshon da ke jiran giratuti. Don haka tantancewa wajibi ce. Abin da tarihi ya nuna kawai shi ne, duk lokacin da aka yi kora ta jimla, akan haɗa da marasa laifi, sai an bar ƙofar koke a buɗe.

8.0 Matakan Ladabtarwa

Dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi suka yi koyi da su, sun shimfiɗa matakai kamar haka. Da farko a ba ma'aikaci takardar tuhuma, a faɗi laifin dalla-dalla, a ba shi lokacin amsawa a rubuce. In amsar ba ta gamsar ba, a kafa kwamiti, a gayyace shi, a bar shi ya ga takardun da za a yi hujja da su, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya kawo nasa. Wanda ya kawo ƙararsa ba zai zauna cikin masu yanke hukunci ba. Ana iya dakatar da shi kafin a gama bincike, a wani hali da rabin albashi, a wani halin ba albashi. Hukunci yana da daraja-daraja: gargaɗi, tsayar da ƙarin albashi, rage muƙami, ritayar dole, sai kora, wadda ita ce ke raba mutum da fansho da giratuti. A ƙarshe, hukumar da doka ta ba iko ita ce za ta sa hannu. Hedimasta yana iya ba malami takardar tuhuma ya kai rahoto ga sakataren ilimi, amma ba shi da ikon kora.

Shi ma ma'aikaci akwai abin da ya hau kansa. Ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma. Ya amsa tuhuma a kan lokaci, da ladabi, ya riƙe kwafi. Ƙin amsawa yana zubar da haƙƙinsa, domin abin da doka ta ce shi ne a ba shi dama, ba ta ce sai ya yi amfani da ita ba. Ya fara kai koke ta cikin gida da ta ƙungiyarsa. In kuma zai je kotu kada ya yi jinkiri, domin akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati da ta ƙayyade wata uku na shigar da ƙara. Hukunce-hukuncen kotuna sun sha bamban a kan ko wannan wa'adi ya shafi rigimar aiki, saboda haka wanda ya shigar da ƙararsa cikin wata uku ya huta da wannan gardama.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an ga yadda ikon ladabtar da ma'aikaci ya tashi daga fadar sarki, ya koma ofishin Razdan da majalisar En'e, ya shiga hannun gwamnonin soja, sannan ya zauna a hannun hukumomin da Tsarin Mulki ya kafa, kotu tana sa musu ido. An ga kuma cewa daga shari'ar jangali ta 1943 zuwa ta mataimakin gwamna ta 2023, abin da kotu ta fi dubawa shi ne ko an bi hanyar da doka ta tsara, ko an saurari wanda ake tuhuma, ko mai yanke hukunci ba shi da hannu a cikin rigimar. Shugaban da ya tsallake mataki yakan jawo wa gwamnati biyan albashin shekaru ga mutumin da bai yi aiki ba, wani lokaci ma mai laifi ya kuɓuta saboda gaggawar mai hukunci. Ma'aikacin da bai san dokar aikinsa ba kuma yakan rasa haƙƙin da yake nasa.

Ana fata shugabannin makarantu da sakatarorin ilimi na Gusau da Tsafe da Bunguɗu za su tanadi kwafin dokokin aiki a ofisoshinsu, su karantar da sababbin malamai tun ranar kama aiki. Ana kuma roƙon dattawan da suka yi aiki a zamanin En'e da su ba masu bincike damar ɗaukar bayanansu da kwafin takardun da suke ajiye da su, domin yawancin abin da ya faru ga ƙananan ma'aikata na wancan zamani bai shiga littafi ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya ba ma'aikata ikon riƙon amana.